Irin Tumatirin Kaka

Litinin, 3 ga Yuni
Matar yayana ta zubar mini da iri. Kofi uku da na jiƙa a bakin taga su yi tsami, yadda Kaka take yi kafin ta shanya. Wai ta ga fumfuna a kai, ta ɗauka ƙazanta ce. Tumatirin da shekara arba'in ba a saye shi a kasuwa ba, ya bi rariya. Saura tushe ɗaya a bokiti, a baranda.

Laraba, 5 ga Yuni
Ta ba da haƙuri tana goge tebur, ko kallona ba ta yi ba. Na ce ba komai, Madam Tsafta. Wanda ya shekara goma sha biyu yana sayar da cajar waya ya san yadda ake murmushi.

Lahadi, 9 ga Yuni
Tumatir na farko ya nuna. Ƙato, mummuna, duk tsaga, ja kamar hanta. Na gasa burodi, na shafa bota, na yanka da kauri, gishiri kaɗan. A gabanta na ci sanwicin, a hankali, ruwan yana bin gwiwar hannuna. Ta tambaya ko akwai daɗi. Na ce ai ƙazanta ce, ba za ta so ba.

Lahadi, 16 ga Yuni
Na huɗu. Har maigadi na ba rabi, ita tana tsaye. Yaya ya ce in ji tsoron Allah, da bakinsa cike.
Cire iri kuwa sai na gaba, akwai sauran bakwai a jikin tushen.

Juma'a, 21 ga Yuni
Ganye ya yi baƙi daga ƙasa.

Lahadi, 23 ga Yuni
Tushen ya mutu. Bakwai ɗin sun ruɓe tun suna kore, ƙwayar cikinsu ba ta ƙosa ba. Huɗu lafiyayyu na samu, na cinye su da irinsu don in ƙona wa mace rai. Ban fita shago ba.

Talata, 25 ga Yuni
Ta shigo da takarda a ninke, ƙwayoyi sun manne a jiki, sha tara. Daga katakon yanka take kankarewa kafin ta wanke.
"Ƙanin miji, ban san ko haka ake yi ba."
Na ce ba haka ake yi ba. Na karɓa dai.

Litinin, 5 ga Agusta
Biyar sun tsiro, har sun yi tsayi. Na kai uku ƙofar ɗakinta, don ɓangarenta ya fi samun rana, ba don komai ba. Na nuna mata yadda ake tsinke reshen da ke fitowa a hammatar ganye. Hannunta ya fi nawa sauƙi, amma ban faɗa mata ba.