Jirgin Feshin Malam Yahuza

Jahun, 4 ga Yuli

Ƙanena Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kai da Umaima da yara kuna lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, sai jikin Baba da ka riga ka sani.

Na zaɓi takarda a kan waya ne don in na ji muryarka zan faɗi abin da ba ya goguwa. Direban Dutse ya kawo kwalinka ranar Talata. Na buɗe ina zaton magani ne, sai ga jirgin sama na roba, rawaya, bai kai tsawon hannuna ba, yana ƙyalli kamar kwanon jere. Wata uku ba ka tako Jahun ba, tafiyar awa guda. Ashe kana nan Takur, da furfurarka a gemu, kana manna roba da gam.

Duk da haka na kai wa Baba. Na ce ga jirgin da shi, Malam Yahuza, ya yi wa kanikanci shekara goma sha ɗaya, lokacin da ake feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa a fadamun Hadeja. Ka san yanzu ni kaina wata rana sai na faɗa masa sunana. Ya juya abin sau biyu, ya ajiye kusa da butarsa, ya ce, "Wanda ya yi wannan bai taɓa tsayawa kusa da jirgi ba." Ya ƙara da cewa jirgin da ba shi da dauɗa bai taɓa tashi ba. Tun sallah bai yi magana mai tsawon wannan ba, kuma a kan shirmenka ya ɓatar da ita.

Ga kayanka nan na mayar. Ka ba ƙaramar 'yarka ta ja da zare.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka,
Kubura

Takur, Dutse, 9 ga Yuli

Yaya Kubura,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwar girmamawa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi.

Na karanta takardarki, na gane cewa cikin mutum biyun da suka kalli jirgin nan, wanda ake cewa ya rikice shi ne ya fahimce shi. Baba ya yi gaskiya. Fentin farko kawai na yi, na rufe da banish, man nan mai sa sheƙi, na yi gaggawar aikowa. Saura tsofar da shi, kuma nan ne gwaninta take. Haɗa jirgi kowa zai iya. Sa masa shekaru shi ne aiki.

Ke roba da gam kika gani. Shekara ashirin kina koyar da lissafi, ban jin kin taɓa kallon ko keke kin tambayi kanki daga ina fenti yake fara cinyewa. Rana tana dafa saman fiffike ya koɗe, ƙasansa yana nan da launinsa. Inda ake takawa yana ɓarewa. Hayaƙi yana bin iska ya kwanta a jiki, ba inda ya ga dama ba. Hoton jirgin ɗaya tak gare ni, marar launi, kuma daga dama aka ɗauke shi. Gefen hagu babu wanda ya rage da ya san shi sai Baba.

Kin ce ba na zuwa. Zuwana na ƙarshe awa biyu na yi a gabansa, daga baya ya tambaye ki ko ni ne mai allurar rigakafi. Jirgin kuwa ya gane shi har ya samu abin rainawa. Ki yi wannan lissafin, tunda fanninki ne.

Ki taimaka ki tambaye shi: ta ina matuƙin yake hawa, har ina hayaƙi yake kaiwa a jiki, wane irin tabo maganin feshi yake bari, wace irin laka ce a tayoyin. Ki rubuto yadda ya faɗa, kada ki bi shi da jan biro.

Na bar ki lafiya.
Ƙanenki,
Sharhabilu

Jahun, 16 ga Yuli

Sharhabilu,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya.

Umaima ta kira ni tana cigiyar sosonta na wanke-wanke da rabin gishirin gidan. Na ce ta yi haƙuri, mijinta ya zama malamin dauɗa.

Na tambaye shi, ba don kai ba, don na ga in ana zancen jirgin yana cinye tuwonsa. Ga abin da ya ce, ban taɓa ko wasali ba.

Matuƙin sunansa Kyaftin Zuhairu, dogo ne, ta gindin fiffiken hagu yake hawa, kuma takalminsa mai ƙusa ne, ya ɓare fentin wurin har farin ƙarfe ya fito, faɗin tafin hannu. Hayaƙi ta dama yake fita, ya yi baƙi har bakin ƙofa, daga nan ya koma ruwan toka. Maganin feshi yana barin fari-fari a ƙarƙashin fiffike, kamar gumin da ya bushe a riga. Lakar tayoyi ba ja ba ce irin ta Dutse, baƙa ce ta fadama, kuma ya ce duk wanda ya sa ja jahili ne. Ina jin da kai yake.

Sai kuma ya ce akwai zubin baƙin mai, siriri kamar zare, daga murfin inji ta hagu, ya gangara har ciki. Yana faɗar wannan ya ture kwanon, ya juya ya fuskanci bango.

Shi ke nan. Na gama zama sakatariyar mai wasan yara. Baba, bawan Allah, yana nan kan tabarmarsa in kana son ganinsa.

Wassalam,
Kubura

Takur, Dutse, 8 ga Agusta

Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba, ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo Sa'adiyya da na ji ta zo daga Garki duba yayanta.

Ga jirgi nan, mako uku cur. Zan faɗa miki abin da aka yi, ko da yake na san kamar karanta wa akuya jarida ne.

Gishirin Umaima bai tafi a banza ba. Na fara fesa ruwan azurfa a gindin fiffiken hagu, na jiƙa wurin, na barbaɗa gishiri, na fesa rawaya a kai. Da ya bushe na kakkaɓe gishirin, sai azurfar ta leƙo a ɓarɓare, kamar ƙusar takalmi ce ta ci wurin shekara da shekaru. Soson kuma na yage shi ƙanana, ina dangwala fenti ina taɓa gefen farfela da bakin fiffike, inda tsakuwa take duka. Saman fiffike na sirka rawayar da fari kaɗan don ta koɗe. Na tsinka baƙin fenti har ya zama kamar ruwan shayi, na ɗiga a layukan da faranti ya haɗu da faranti, ya bi su da kansa, na goge abin da ya fita. Hayaƙi garin gawayi ne da toka, da busasshen buroshi, daga bututu zuwa baya, ba gaba ba. Lakar tayoyi na sa aka ɗebo mini ta gaske daga fadama, na tankaɗe. Bayan nan na rufe komai da banish marar sheƙi, don ƙyallin nan da kika kwatanta da kwanon jere ya mutu.

Zubin man shi ne na ƙarshe, kuma shi na fi alfahari da shi. A kan banish ɗin na ja shi, da buroshi mai gashi uku, na bar shi yana ɗan sheƙi kamar yanzu ya zubo. Sau huɗu ina gogewa ina sakewa. Bai gama bushewa ba, irin wannan fentin yana ɗaukar mako. Kada kowa ya taɓa wurin, musamman ke da kike goge duk abin da kika gani.

Ki kai masa da hantsi, a tsakar gida, inda haske yake. Sannan ki rubuto ki faɗa mini wa ya ɓata lokacinsa.

Naki da ladabi,
Sharhabilu

Jahun, 11 ga Agusta

Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ta tsaya a nan, ba ni da sauranta.

Ka yi nasara, gwani. Na kai masa da hantsi kamar yadda ka ba da umarni. Ya karɓa da hannu biyu, ya sansana ƙarƙashin fiffiken, ya yi dariya, ya sa babban yatsa a inda takalmi ya ci. Na ga fuskar ubanmu da na yi shekara biyu ban gani ba. Sai ya juya gefen hagu ya ga zaren man nan naka na gashi uku. Ya miƙe tsaye ba sanda. Ya ce, "Ku ce wa Zuhairu kada ya tayar da shi."

Gwaggo Sa'adiyya ta fashe da kuka, ta ja ni madafi. Abin da aka gaya mana muna yara, wai kamfanin feshin ne ya rufe, shi ya sa Baba ya dawo noma, ba haka ba ne. Wata safiya ya ga wannan zubin, ya ce jirgi ba zai tashi ba sai an buɗe inji. Manajan ya ce tsuntsaye suna kan shinkafar mutane, a goge kawai, in ya dawo a duba. Baba ya goge da tsumma, ya sa hannu a takarda. Jirgin bai dawo ba. A fadama aka samo shi, da Kyaftin Zuhairu a ciki. Shekara talatin da ɗoriya bai faɗa wa kowa ba sai ita da mahaifiyarmu.

Mantuwa ta ɗauke masa sunayenmu, amma ta yi masa alheri ɗaya, ta ɗauke masa wannan safiyar. Kai da gishirinka da gawayinka kun dawo masa da ita. Ni ma da hannuna a ciki, ni na rubuto maka zancen man, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ya juya ya fuskanci bango ba.

Kwana biyu ke nan ko koko ya ƙi. Yana zaune a ƙofar zaure da jirgin a cinya, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ko an ji ƙararsa.

Ka tambayi wa ya ɓata lokacinsa. Ga amsa.

Kubura

Jahun, 13 ga Agusta

Ƙanena Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso. Ka ce in ɓoye jirgin har ka zo Juma'a ka rufe wurin da fenti. Na gwada, ya ƙi saki.

Yau da hantsi ya ce in kawo masa tsumma da kananzir da tsinken ashana. Ya daɗe yana juya tsinken a murfin injin kamar mai ɗaure noti. Sannan ya goge man. Kananzir ɗin ya cinye har da rawayarka, wurin ya yi fari ƙwal. Ya ajiye jirgin a rana, ya zauna yana kallonsa har azahar. Ya sake dubawa, ya ce, "Ya daina." Ya nemi tuwo.

Yana ci ya tambaye ni wa ya haɗa jirgin. Na ce Sharhabilu. Ya ce, "Ɗana? To ya zo ya ga yadda ake aiki."

Muna jiranka Juma'a. Ka bar buroshinka a Dutse.

Yayarka,
Kubura