Kaina Ba Wurin Gwaji Ba Ne

Anti, don Allah ki taimake ni. Zan faɗa miki abin da ko mahaifiyata ba ta sani ba: sati uku ke nan ina satar ganyen alobera.

Shekarata goma sha huɗu. Bara na gama firamare, aka kawo ni wajen Gwaggo, ƙanwar babana, in koyi gyaran gashi a shagonta. Ni ba mai magana ba ce. Ko sunana kwastoma ta tambaya, sai muryata ta maƙale. Gashi kuwa Allah ya ba ni, mai cika, mai tauri. Shi ya sa duk sanda aka kawo sabon man miƙar da gashi, Gwaggo kan zaunar da ni a kujerar gaban madubi ta fara gwadawa a kaina, wai gara a ga halinsa a gida kafin ya taɓa kan mutane. Ni ba mutum ba ce ke nan?

Na ƙarshen nan, tana gama shafa min wata ƙawarta ta shigo, hira ta yi daɗi, aka manta da ni. Kaina kamar an zuba garwashi, amma na kasa buɗe baki. Da aka wanke, ƙeyata da bayan kunnuwana duk sun saluɓe. Gwaggo ta ce raki ne, in ɗaura ɗankwali kada in kori mutane.

Mai ɗinkin da ke kusa da mu tana da alobera a tsohon bokitin fenti a ƙofar shagonta. Na taɓa ganin malamarmu ta aji shida ta shafa ruwan ganyenta ga wata yarinya da ta ƙone. Saboda haka in na fito sharar safe sai in yanki ganye ɗaya da reza, in shiga banɗaki in tsaga in shafa. Sanyin da nake ji, Anti, har hawaye. Bayan kunnuwan sun warke, amma wuri ɗaya a ƙeya yana ta ruwa, ɗankwali yana mannewa. Ita kuma mai ɗinkin kullum mita take, wai awakin layin nan har reza gare su.

Jiya an kawo kwalin wani sabon man. Ban ce wa kowa uffan ba, amma na gama shawara. Zan yi shara, zan wanke tawul, zan yi kitso har yatsuna su ƙage. Kujerar nan dai ba zan sake zama a kanta ba, ko da za a mayar da ni gida.

Mai Ɗankwali

'Yata,

Shawararki daidai ce, kada ki janye. Mai koyon sana'a hannunta ake horarwa, ba fatar kanta ba.

Mu fara da ƙeyar. Ruwan cikin alobera yana sanyaya ƙaramar ƙuna, yana rage raɗaɗi da ƙaiƙayi, kin gani da kanki. Amma ciwon da ya yi sati uku yana ruwa ya wuce aikin ganye. Ki daina shafa masa, ki je asibiti a satin nan, da kwalin man da ya ƙone ki a hannunki. Nan gaba kuma, in kin yanki ganye, ki bar ruwan nan mai launin ɗorawa ya tsiyaye, ki wanke, farin ruwan da ke can cikinsa kaɗai ake shafawa. Ban da sha.

Gwaggonki ta yi kuskure babba, sai dai ba lallai mugunta ba ce. Wataƙila ita ma haka aka yi mata, kuma ta ɗauki shirunki a matsayin yarda. Tunda baki yana miki nauyi, ki jira shago ya yi shiru, ki cire ɗankwalin ki juya mata ƙeya. Mahaifiyarki ma dole ta sani, yau ba gobe ba. In Gwaggo ta gani ta nace, to komawa gida ba abin kunya ba ne, akwai wasu shagunan.

Mai ɗinki kuwa, ki je ki wanke awakin nan daga zargi. Ki ba ta haƙuri, ki roƙi ɗan tsiro guda ki dasa naki.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa albarka a hannunki.