Mililita Huɗu

Yamai, 6 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Hadizatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya ke da maigidanki Anas, da fatan aikin ungozoma a Tawa bai fi ƙarfinki ba. Mu nan sai godiya, zafi dai ya sauko. Innarki Mariyam tana samun sauƙi, sukarinta ya daidaita, ni nake yi mata allurarta safe da yamma kamar kullum.

Kin san ba na iya doguwar magana a salula, shi ya sa na ba direban kar, motar fasinja, wannan takarda. Maganar kifayenki ce, su tara da kika bar mini amana cikin akwatin gilashi. Ranar Laraba na ga fararen ɗigo a jikin jajayen nan biyu kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki da duwatsu. Na je wurin Sumana, mai kifin ado na hanyar Gudel, wanda kika saye su a hannunsa. Ya ce cutar tana kisa in an ƙyale ta, maganin ma yana kisa in an zarce. Ya ba ni kwalba mai mililita talatin, ruwan ciki shuɗi. Ƙa'idar ita ce mililita ɗaya ga lita ashirin, yau a sa, gobe a huta, har sau uku.

Akwatin lita ɗari ne a rubuce, amma yashi da duwatsu sun ci wuri, ruwan bai wuce tamanin ba. Mililita huɗu ke nan. Na cire gawayin da ke cikin matatar ruwan akwatin don shanye magani yake, kuma yau da safe na sa na farko. Sumana ya yi mamakin yadda na riga shi lissafi. Na gaya masa shekara talatin da biyu na yi ina majo, wato ma'aikacin jinya, a asibiti, ban taɓa kuskuren awo ga ɗan Adam ba, balle kifi. Ki kwantar da hankalinki.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Isufu


Yamai, 9 ga Afrilu

'Yata Hadizatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, labarin ba daɗi. Uku sun mutu, har da baƙin nan mai dogon wutsiya da kika fi so, wanda ko ɗigo ɗaya bai fito masa ba. Sauran sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Sau biyu kawai na sa magani, da sirinji, ina duba layi da tabarau, amma ruwan kullum ƙara duhu yake, yanzu kamar na marina. Ina zargin jabu Sumana ya sayar mini. Na kira shi na faɗa masa maganganu masu zafi, ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Wani abu kuma, kada ki tada hankali. Jiya da hantsi innarki tana tsince shinkafa sai gumi ya karyo mata, hannunta na rawa, ta kira ni da sunan ƙanenta Hasan da ya rasu tun kina goye. Na jiƙa mata sukari ta sha, ta dawo daidai. Ina jin zafi ne da ƙin cin abinci. Na yi mata faɗa.

A gaida Anas.

Babanki,
Isufu


Yamai, 12 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Hadizatu,

Ina gaishe ki, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki karanta ta ke kaɗai.

Sumana ya zo ranar goma ga wata, kafin in sa na uku. Bai yi fushi ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta wajen haske. Da na sa sau biyu kamar yadda na rubuta miki, da saura mililita ashirin da biyu a ciki. Abin da ya rage bai cika cokali ba. Ya tambaya ko akwai yara a gidan. Na ce daga ni sai innarki.

Innarki tana zaune a kan tabarma tana jin mu. Cikin sauƙin murya, don ta taimake ni, ta ce ai ba wanda ya kai ni kula da kifayen nan: takan gan ni da sirinji bayan asuba, ta sake ganina bayan karin kumallo, ranar Talata ma har da la'asar. Ita ta ɗauka haka ƙa'idar take.

Hadizatu, ban tuna ko ɗaya ba. Na yi ta lalube a kaina, ba komai, sau biyun nan kawai nake gani.

Sumana ya canja rabin ruwan, ya mayar da gawayi, ya yi mini sallama da ladabi fiye da yadda na cancanta. Kifi biyu ne suka rayu.

Yana fita na buɗe firigo na ɗauko kwalbar allurar innarki. Ranar ɗaya ga wata na fasa ta, na rubuta a jiki da hannuna, ya kamata ta kai mu ƙarshen wata. Ta wuce rabi da nisa. Na tsaya riƙe da ita har innarki ta leƙo ta ce in rufe firigon, sanyi na fita. Kin fi ni sanin abin da gumin nan da rawar hannu suke nufi, da abin da zai faru da a ce barci take yi.

Na kwashe kwalbar da sirinjin duka na kai wa maƙwabciyarmu Balkisa, mai aikin jinya. Ita ke shigowa yanzu safe da yamma. Na ce wa innarki idona ne ya yi rauni, ta yarda, har tana tausaya mini. Amma jiya da safe na tsinci kaina a gaban firigo ina neman kwalbar, raina a ɓace don wani ya ɗauke ta.

Ki nemi izini a wurin aiki ki zo. Ina son ki kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ke za ki faɗa wa innarki, ni na kasa. Ki yafe mini kifayenki.

Babanki mai ƙaunarki,
Isufu

Ƙari: da na buɗe akwatin takardu neman ambulan, na tarar da wata wasiƙa zuwa gare ki, rubutun hannuna, mai kwanan wata na jiya, sha ɗaya ga wata. Duk abin da na faɗa a nan yana ciki. Na haɗa miki su biyun. Ki nuna wa likita.