Shagon na Babba Ne

Da sunan Allah. Ni ce mahaifiyarku, kuma da hankalina garau nake wannan rubutu. Ciwon ya cinye mini ƙafafu da ciki, amma bai hau kai ba. Likita da shaidu sun sa hannu a kan haka, don kada gobe wani ya ce tsohuwa ta ruɗe. Kafinta, Direba, Auta, ku karanta a zaune, a ɗaki ɗaya, kowa ya bar abokin zamansa a waje.

Na ɗaya. Shagon katako da injin yankan da ke ciki na ba Kafinta kyauta tun ina numfashi, takardar tana wurin lauya da cikakken sunansa. In na ce Kafinta, ɗana na fari nake nufi, mai sanƙo, ba kowane mai riƙe guduma a unguwa ba. Na san za ku yi dariya. Ku yi, sannan ku ji yadda shagon nan ya zo hannuna.

Kakanku ne ya gina shi. Duk wanda ya ce masa ya rubuta abin da zai bari, sai ya ce tukuna, wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Ita kuwa ba ta jira kira ba. Ya faɗi a gindin injin, rabin jikinsa ya mutu, kuma kafin mu iso, wanzamin da ke maƙwabtaka da shagon ne kaɗai ya ji maganarsa ta ƙarshe: shagon na babba ne. Iyakar abin da ya bar mana ke nan.

To, mu uku ne. Akwai Yaya, wanda shi ne babba a haihuwa. Akwai ni. Sai ƙaninmu, wanda aka haifa ƙato har ungozoma ta yi ta salati, tun ranar kowa ke kiransa Babba, har da kakanku. Kalma ɗaya, masu ita biyu. Wanzami ya rantse abin da ya ji ke nan, bai san wanne ake nufi ba, kuma gaskiyarsa.

Wata safiya Yaya ya canza kwaɗon shagon. Babba ya zo ya fasa shi da guduma. Na iso da kwanon abincinsu na tarar sun riga sun kama. Babba ya ɗauki guntun katako ya maka wa Yaya a baki, na ga haƙora sun zube cikin garin katako. Yaya ya laluba teburin aiki, hannunsa ya faɗa kan kurfi, irin wanda ake sassaƙa ƙofa da shi, ya luma masa a wuya, ƙasa da kunne. Jinin ya yi tsiri har kan ƙofar da suke yi wa wani malamin makaranta. Na danne wurin da mayafina, yana ta ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna, da zafi. Babba yana kallona yana shure-shure, ƙafarsa na dukan gwangwanin ƙusa, har ya daina. Yaya ya mutu a kurkuku, bai sake yarda na gan shi ba. Ni da ban san bambancin zarto da magagari ba, ni na gaji shagon, kuma ni na kankare daɓen da hannuna. Har yau ina tsanar warin ɗanyen katako, ko da yake da shi na ciyar da ku.

Na biyu. Motar ɗaukar kaya da filin da take kwana na Direba ne, ɗana na biyu. Su ma an rubuta, an sa hannu. Baƙon da bai san ɗayanku ba ne ya kimanta rabon kowa, don haka kada wanda ya zo da ƙorafin an fifita wani.

Na uku. Kuna tsammani ban ji abin da ya faru makon jiya ba. Bangon ɗakina ba kauri gare shi ba. Na ji Kafinta ya zagi Direba don ya tare lungun da ke tsakanin shago da fili da motarsa. Na ji ƙarar ƙarfen kwance taya a jikin ƙofa, na san kan ɗan'uwanka ka nufa, Direba, Allah ne ya sa ya sunkuya. Kai kuma Kafinta, da ka shigo gaishe ni da leɓe a fashe ka ce tuntuɓe ka yi, akwai fatar wuyan ƙaninka a farcenka. Ina kwance na kasa tashi, na yi ta kiran sunayenku babu wanda ya ji. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da likita ya gaya mini gaskiya.

Saboda haka lungun ba na ɗayanku ba ne. Na ba Auta, tare da ɗakuna biyun da ke bayansa. Mai son shigar da katako, da mai son wucewa da mota, kowa ya je ya roƙi ƙanwarsa, da ladabi. Auta, kada ki sayar wa ɗaya daga cikinsu, ko da kuka ya zo miki.

Na huɗu. Gidan da muke ciki da sauran tarkacena, alƙali ya raba yadda addini ya tsara. Kada a yi rabon baki, kada a saurari mai cewa ai Mama ta taɓa gaya mini. Abin da ban rubuta ba, ban faɗa ba. Ba na bin kowa bashi, ba a bina.

Na biyar. Daga sulusin da ya halatta in yi wasiyya da shi, a ba 'yar Babba da ɗan Yaya daidai wa daida. Sun girma ba sa gaisawa a kan abin da ba su gani ba. Ku riƙa gayyatarsu tare, ko sau goma za su ƙi zuwa.

Na shida. Kowannenku ya je wurin lauya ya rubuta nasa kafin wata ya ƙare. Ku yi shi da ƙafafunku, ba a kan tabarma da rabin harshe ba.

Na yafe muku komai, rashin ji da ƙarya da duk daren da kuka hana ni barci. Abu ɗaya na riƙe. Wanda ya sake ɗaga ƙarfe a kan ɗan'uwansa, ban yafe masa nonon da ya sha ba, duniya da lahira. Na faɗa, kuma ba zan dawo in janye ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa ku tsufa kuna cin abinci a kwano ɗaya. Ku riƙe Auta, ku riƙe juna. Ranar da za a kai ni, Kafinta da Direba, ku biyu za ku sauka ku karɓe ni, ban yarda da wani ba. Wurin matsattse ne, dole kafaɗunku su haɗu. Kada wanda ya janye tasa, don in ɗaya ya saki, ni ce zan faɗi.