Ruwan Tankin Noelene

Ceduna, 9 ga Maris

Mama,

Ina fatan kuna lafiya. Yaya gwiwar Baba? Tuffa ta nuna kuwa?

Ni lafiya lau, koyarwa ma ba laifi. Sai dai ki yafe mini, dutsen guga mai tururin nan da kika ba ni ya mutu. Ruwan famfon garin nan zartsi ne, shi ya toshe shi, har ya fesa mini farin gari a baƙar rigata.

Tsohuwar maƙwabciyata, Noelene, ta yi dariya har da hawaye. "Ke 'yar Tasmaniya, wa ke zuba wa dutsen guga ruwan famfo? Ruwan sama ake ba shi!" Ita ta raka ni kanti, ta zaɓa mini wanda ake zare cikinsa a wanke. Duk Asabar kuma takan tsiyayo mini kwalba guda daga tankinta, alhali rabonmu da ruwan sama wata huɗu.

Mama, kwalba ɗaya tana kai ni wata guda. Amma duk Asabar sai na koma, don ita kaɗai ke tambayata ko na ci abinci.

Allah ya bar mini ku.

'Yarki,
Tegan