Sabuwar dekoda ta ƙi tsohon parabol

Agadas, daren Laraba

Gobe da la'asar za a nuna jikata Fatimatu a tele tana karatun Alƙur'ani a musabaƙa. Tun da na ji labarin bakina bai rufu ba, na gayyato unguwa kaf.

Don in ga fuskarta tangaran na sayo sabuwar dekoda, akwatin kama tashoshi. Tsohuwar kuwa na ba wani baƙona mai garka, wato lambu, a Dabaga kyauta, ya tafi da ita tun hantsi. Ban ko gwada sabuwar ba!

Da muka haɗa, sai allo ya rubuta "pas de signal". Wannan kam karatun dare ya isa in gane shi: babu sigina. Musa mai gyara ya hau soro ya duba parabol, faifan tauraron ɗan adam, ya sauko yana kaɗa kai.

"Baba, kan parabol ɗinka tsohon yayi ne, ba ya jituwa da wannan. Sai an aiko sabo daga Yamai, jibi."

Na ce, "Jibi? Ba duk ƙarfen ɗaya ba ne?"

Matata Hajiya ta ce, "Tsoho da rawar kai! Aika a karɓo tsohuwar mana."

Wa ya taɓa bin bayan kyauta? Allah ya kiyaye.

Bayan asuba zan ƙwanƙwasa ƙofar Malam Ilyasu, wanda na fi cika wa baki, in roƙe shi aron tsakar gidansa da telensa. Ya yi dariyarsa, ni dai in ga Fatimatu.