Albarkar Inna Ta Samu Mai Ita

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa daga Talatar Mafara. Ya aikin bishara a Chadi? Ya iyali? Ina fatan kowa lafiya.

Hoton cocin da ka gina ya iso, da shi nake yi wa Inna fifita. Jikinta ya tsananta, har ta fara mantuwa. Maƙwabcinmu Malam Sani ne ke kai ta asibiti a babur. Jiya ta riƙe hannunsa ta ce, "Bulus ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ya ce, "Amin, Inna." Ni kuwa ban gyara mata ba.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa, ta daina cigiyarka. Ka gai da yara, ka sa mu a addu'a, tunda ita kaɗai ka iya.

Ƙanwarka,
Rifkatu